Yadda za ka nemo kiɗan rok a rediyon Amurka bayan manyan tashoshi sun watsar da shi

Tirela nake tuƙawa tsakanin jihohin Amurka, rediyo kuwa shi ne abokin hirata a hanya. Baƙon da ya murɗa rediyon mota a ƙasar nan yau zai iya rantsewa an daina kiɗan rok. Ba a daina ba, mazauni ya sauya, kuma sai da 'yar dabara ake kai wa gare shi.

Da farko ka rabu da maɓallin nan mai nemo tasha da kansa. Inda murya ta fi ƙarfi nan yake tsayawa, masu ƙarfin kuwa tashoshin 'yan kasuwa ne. Ka murɗa da hannunka zuwa can ƙasan zangon FM, daga 88.1 zuwa 91.9. Dokar Amurka ta keɓe wannan yanki ga tashoshin da ba na neman riba ba, wato na jami'o'i da na al'umma. A nan sabon rok ya fake. In kana Seattle akwai KEXP a 90.3, a Philadelphia WXPN a 88.5, a Minneapolis The Current a 89.3, a kewayen New York kuma WFMU a 91.1 da WFUV a 90.7. Sai ka yi haƙuri, domin a yankin ne kuma tashoshin labarai da na wa'azin coci suke, kuma ƙananan tashoshin ɗalibai da ka ɗan fita gari muryarsu ta ɗauke. Ni da daddare na fi samun abin kirki, lokacin da ake sakar wa ɗalibi makirfo ya sa abin da ransa ke so.

Sanin abin da ya faru da manyan tashoshin zai rage maka wahalar nema. Kafin 1996 kamfani ɗaya ba ya mallakar tashoshi fiye da 40 a duk faɗin ƙasar. A shekarar Bill Clinton ya sa hannu a dokar sadarwa da ta cire wannan iyaka, nan da 'yan shekaru sai ga kamfanin Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, da tashoshi kusan 1,200. Da bashi aka yi sayayyar, shi kuwa mai bashi a wuya ba ya gwajin waƙar da ba a sani ba. Ga matasa sun koma sauraro ta waya, har a 2017 ƙididdigar kamfanin Nielsen, mai auna kiɗan da ake saye da saurare, ta nuna hip-hop da R&B sun sha gaban rok. Sai tashoshi suka yi ta faɗuwa. WHFS ta yankin Washington da Baltimore, da tsakar rana a watan Janairun 2005 aka juya ta zuwa kiɗan Sifaniyanci ba ko sallama. WBCN ta Boston ta bar 104.1 a 2009. The Loop ta Chicago a 2018 da WAAF ta yankin Boston a 2020, ƙungiya ɗaya ce ta saye su ta mai da su tashoshin waƙoƙin coci. Saboda haka in wani tsohon direba ya ba ka lambar tasha yana yabonta, kada ka yi mamaki ka je ka tarar ana hirar ƙwallo.

Ba duka suka mutu ba. KSHE a St. Louis, 94.7, tun 1967 take kan rok, WMMR kuma tana nan a 93.3 a Philadelphia. Tashoshin tsohon rok ma kusan kowane gari akwai, sai dai waƙoƙin nan dai na shekarun 1970 da 1980 ake ta juyawa kamar ɗumamen tuwo. In su kake so, ka huta da nema. Ni kam bayan jiha biyu na ƙoshi.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci kafin a iya shi ne gane ko tashar ta garin ce da gaske. Doka ta wajabta wa kowace tasha ta faɗi haruffan sunanta da garin da aka ba ta lasisi a kan kowace awa, to ka kasa kunne. Amma wannan kaɗai ba hujja ba ce, tun da a 2017 hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta soke sharaɗin cewa sai tasha tana da ɗakin watsa shiri a yankinta. Yanzu mai gabatarwa ɗaya kan zauna a wani birni ya naɗi maganganunsa na garuruwa da dama, kwamfuta ta jera su tsakanin waƙoƙi. Ga yadda nake kama su: in ana tafka ruwa ko ƙanƙara ta rufe hanya shi kuwa yana ta barkwanci bai ko ambata ba, to ba ya garin. In ba ya faɗin ƙarfe nawa, in ba ya kiran sunan unguwa ko gidan da za a yi wasa daren Juma'a, haka nan. Na gaske za ka ji ya yi tuntuɓen harshe, ya karanta gaisuwar wani makanike, ya sa waƙar 'yan garin da ba wanda ya sani a waje. In ka dace da irinsa, ka ajiye lambar a maɓalli nan take.

Idan motarka ba tsohuwa ba ce, duba ko alamar HD, wato ta rediyon dijital, na fitowa a allon rediyon. In ta fito, matsa gaba sau ɗaya zuwa HD2, wato tasha ta biyu da ke kan lambar ɗaya. Kamfanoni kan jefa rok ɗin da suka kora can, sau da yawa ba mai magana, kwamfuta ce kawai.

Wanda ke gida, Kano ko Maraɗi, shi ma zai iya ta intanet. Manhajar Radio Garden taswirar duniya ce, ka taɓa gari ka ji tashoshinsa, kuma sauti bai kai bidiyo cin data ba. Manyan kamfanoni sukan toshe mai sauraro daga ƙasar waje, tashoshin al'umma kuwa galibi a buɗe suke. Ka fara da KEXP, wadda ta sha karɓar makaɗan jita na Nijar irin su Mdou Moctar su yi wasa kai tsaye a ɗakinta. Ka dai lissafa lokaci: agogon Najeriya da Nijar yana gaban na New York da awa 5 ko 6, na Seattle kuma da 8 ko 9, gwargwadon ko lokacin zafi ne ko na sanyi a nan. Shirin safe na Seattle sai bayan azahar zai iso maka.

Lokaci-lokaci tashoshin al'umma kan shafe kwanaki suna roƙon gudummawa daga masu sauraro, domin ba su da tallan da zai riƙe su. Maganar takan yi yawa, amma kiɗan bai tsayawa gaba ɗaya. In kana zaune a nan kuma kana da hali, akwai tsarin da ake cire ɗan abin da ka zaɓa daga katinka duk wata.