Yadda ake neman maganin karkacewar baki da allurar Sin

Idan mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido guda ya ƙi rufuwa, ruwa kuma yana zuba ta gefen leɓe, asibiti zai fara nufa kafin wurin mai allurar Sin, ko da 'yan uwa sun ce iska ce ta buge shi. Likita ne zai tantance ko jijiyar fuska ce ta kumbura ko kuwa shanyewar ɓarin jiki ce. Mai kumburin jijiya ba ya iya ɗaga girar ɓangaren da ya kamu, shi kuwa mai shanyewar ɓarin jiki galibi goshinsa yana motsi, sai dai hannu ko ƙafa ko harshe su yi nauyi. Maganin rage kumburi irin su prednisolone ya fi aiki idan an fara shan sa cikin awa 72, don haka a Kaduna a garzaya Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko makamancinsa tun ranar farko.

Bayan likita ya amince ne za a nemi mai allurar Sin, wato akufanca. A tambaye shi takardar shaidar horonsa, a kuma tabbatar ya ɓare sababbin allurai a gaban mara lafiya, domin allurar da aka maimaita tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Zai soka siraran allurai a gefen baki, muƙamuƙi da goshi, wani lokaci har da tsakanin babban yatsa da manuni, ya bar su kamar minti 20 zuwa 30. Mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini da mai na'urar daidaita bugun zuciya su sanar da shi tun kafin a fara.

Kada a yi saurin yaba wa allurar idan fuska ta miƙe, domin kimanin kashi 70 cikin 100 na masu kumburin jijiyar fuska suna warkewa sarai cikin wata 3 zuwa 6 ko ba a yi musu magani ba, kuma nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, ta yi a 2010 bai sami isasshiyar hujjar da ke tabbatar da amfanin allurar ba. Duk wanda ya yi alkawarin waraka cikin mako guda, a ganina, kuɗi yake nema.

Idon da ba ya rufuwa shi ne abin tsoro, musamman lokacin hunturu da ƙura ke turnuƙe gari. A riƙa ɗiga masa maganin hana bushewa, a sa tabarau idan za a hau acaɓa, a rufe shi da filasta lokacin barci, idan kuma ya yi ja ko zafi a kai shi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.