Yadda ake gwada ko sabuwar hanyar koyar da lissafi ta fi wadda aka saba

Bincike da yawa kan koyar da lissafi kamanninsu ɗaya ne. Mai bincike ya samu aji biyu, ya koyar da ɗaya da sabuwar hanya, ya bar ɗayan da wadda aka saba, bayan mako shida ya ba su jarrabawa, ya ga ajin farko ya fi maki, shi ke nan sai ya rubuta cewa hanyarsa ta fi. Alhali aji biyu sun yi kaɗan a gina wannan magana a kansu. Kuma akasarin abin da ke ɓata irin wannan aiki tun a kan takarda yake faruwa, kafin a taka ƙofar aji.

A fara da matse tambayar. "Shin amfani da kayan taɓawa yana inganta koyon lissafi?" ba tambaya ba ce da za a iya amsawa, don lissafi faɗi gare shi. Wadda za ta amsu ita ce irin wannan: shin ɗaliban aji biyar na firamare da aka koya wa tara ɓangarori irin su 1/2 da 1/3 ta hanyar layin lamba, darasi 12 cikin mako huɗu, sun fi waɗanda aka koya wa da dokar daidaita lambar ƙasa kawai? Yanzu an san su wa, an san wane darasi, an san tsawon lokaci, an kuma san da me za a kwatanta. A rubuta wannan a ajiye da kwanan wata, tare da abin da za a auna. Wanda bai yi haka ba, in sakamako ya fito ba yadda ya so ba, zai yi ta jujjuya alƙaluma har sai ya samo wani bambanci, kuma wanda ya nemi bambanci sau ashirin yana iya samun guda bisa dace kawai.

Sai jarrabawar da za a auna da ita, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. A rubuta tambayoyi ninki biyu na abin da ake buƙata, misali 50 in ana son 25, don rabi za su zube. Kowace tambaya mai zaɓi, amsoshinta na ƙarya su fito daga kuskuren da yara ke yi da gaske. In tambayar ita ce 1/2 + 1/3, dole 2/5 ta kasance cikin zaɓi, domin yaron da ke tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, nan zai faɗa, kuma faɗawar tasa bayani ce. A kuma yi hattara da tambayar da ake ci bisa gurguwar fahimta. Yara da yawa na ɗaukar cewa lamba mai ɗigo in ta fi tsawo ta fi girma. In an tambaye su tsakanin 0.75 da 0.5 wacce ta fi, za su ci, a ɗauka sun gane. A ba su 0.3 da 0.125, nan asiri zai tonu.

Kafin a yi amfani da jarrabawar sai an gwada ta a kan yara masu irin shekarun nan a wata makarantar da ba ta cikin binciken, kamar 60. Daga nan a duba kowace tambaya ta fuska biyu. Ta farko, kashi nawa suka ci ta. Wadda kusan kowa ya ci ko kusan kowa ya faɗi ba ta bambanta komai. An fi son waɗanda tsakanin kashi 30 zuwa 80 cikin ɗari suka ci. Ta biyu, shin masu ƙoƙari ne suka fi cin ta? A jera takardun daga mafi maki zuwa mafi ƙaranci, a ware kashi 27 cikin ɗari na sama da irinsu na ƙasa, ƙa'idar da Truman Kelley ya bayar a 1939. Cikin 60, wato 16 a kowane gefe. In 14 na sama suka ci tambayar, 5 na ƙasa suka ci, sai a ɗebe 5 daga 14 a raba da 16, a samu 0.56, tambaya ce mai kyau. Ƙasa da 0.2 a gyara ko a jefar. In kuwa na ƙasa suka fi na sama cin ta, a fara duba takardar amsoshin daidai da ake ba da maki da ita, sau da yawa can kuskuren yake. Bayan an tace, a lissafa daidaiton jarrabawar baki ɗaya, wato yadda tambayoyinta ke tafiya tare, da ma'aunin KR-20 na Kuder da Richardson in amsa daidai ce ko kuskure kawai, ko alfa ta Cronbach in makin hawa-hawa ne. An saba karɓar 0.7 zuwa sama. Sai dai alfa na ƙaruwa in an ƙara yawan tambayoyi, kuma ba ta nuna cewa abin da ake nufi ne ake aunawa.

Maki kaɗai ba ya faɗin abin da ke kan yaro. A 1973 Stanley Erlwanger ya wallafa hirarsa da wani ɗan aji shida a Amurka da ya kira Benny, wanda yake cikin masu saurin ci gaba a ajinsa, amma da aka zauna da shi sai aka ga yana mayar da 2/10 zuwa 1.2, da wata doka da ya ƙirƙiro wa kansa. Don haka a ware yara shida zuwa takwas daga rukunin sabuwar hanya da kuma na wadda aka saba, masu ƙarfi da matsakaita da raunana, a zauna da kowanne minti 15 yana warware tambaya yana faɗin tunaninsa. Tsarin da Anne Newman ta fito da shi a Ostiraliya a 1977 yana da amfani a nan: a sa yaro ya karanta tambayar, ya faɗi abin da take nema, ya faɗi yadda zai bi, ya yi aikin, sannan ya rubuta amsa. Inda ya tsaya, nan cikas yake. Ana yawan tarar da cewa yaron da aka yi zaton bai iya rabawa ba, tambayar ce bai fahimta ba, musamman in ba da harshen gidansu aka rubuta ta ba.

Yanzu maganar yawan mutane. Yawan ya danganta da girman bambancin da ake son ganowa, kuma ma'aunin girman da ake amfani da shi shi ne d ta Jacob Cohen: bambancin matsakaicin makin rukuni biyu, a raba da ma'aunin bazuwar maki. In rukuni ɗaya ya samu 26, ɗayan 23, bazuwar kuma 6 ce, d ta zama 0.5. Cohen ya kira 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Don a samu damar kashi 80 cikin ɗari ta gano bambancin 0.5, ana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni. Ga 0.2 kuwa, kusan 400 a kowane rukuni. Manhajar G*Power, wadda kyauta ce, tana yin wannan lissafi cikin minti ɗaya.

Amma wannan 64 ɗin yana nufin mutanen da babu abin da ya haɗa su, yaran aji ɗaya kuwa malaminsu ɗaya, lokacin darasinsu ɗaya, makinsu na kama da juna. Ana gyara wannan da wani ɗan lissafi: a ɗebe ɗaya daga yawan 'yan aji, a ninka da gwargwadon kamannin da ke tsakaninsu, a ƙara ɗaya. A ɗauka aji na da 40, kamannin kuma 0.2 ne. Wato 39 sau 0.2, a ƙara 1, ya zama 8.8. Ma'ana, yara 80 na aji biyu ba su wuce darajar mutum tara masu zaman kansu ba, kuma kafin a kai 128 ɗin da ake nema, wato 64 sau biyu, sai an haɗa fiye da aji 28. Ƙari a kan haka, in aji ɗaya ne a kowane gefe, babu dabarar alƙaluma da za ta raba tasirin hanya da tasirin malami. Wanda ƙarfinsa bai kai ba yana da mafita biyu. Ko ya raba yaran cikin aji ɗaya ta hanyar ƙuri'a, a koyar da su daban, ko ya yarda cewa aikinsa gwajin share fage ne, ya rubuta shi a haka. Na biyun ba abin kunya ba ne.

Rabon rukuni da ƙuri'a za a yi, ba shugaban makaranta ne zai zaɓa ba, domin zai ba da malaminsa mafi ƙwazo da kyakkyawar niyya, ya kashe binciken. Kada kuma a tsinto yaran da suka fi faɗuwa a gwajin farko a ce su ne rukunin gwaji. Wasunsu rashin sa'ar ranar ce ta kai su ƙasa, makinsu zai ɗaga a karo na biyu ko da ba a koya musu komai ba. Donald Campbell da Julian Stanley sun jera wannan tarko da ire-irensa tun 1963.

A nemi izinin makaranta da na iyaye a rubuce, a sa wa kowane yaro lamba maimakon suna. Lokacin koyarwa, rukunin biyu su samu mintuna iri ɗaya da yawan aikin gida iri ɗaya. A shiga aƙalla darasi ɗaya cikin huɗu da takardar lura, a rubuta abin da malami ya yi, don malamai kan koma hanyar da suka saba da zarar darasi ya yi wuya, kuma a ɗakin malamai sabuwar hanya kan tsallaka zuwa ajin kwatance. A riƙa rubuta lambar waɗanda ba su zo ba. In raunana goma suka ɓace daga rukunin gwaji kafin ranar ƙarshe, matsakaicin maki zai tashi ba don kowa ya ƙaru ba.

Mai duba takardu kada ya san rukunin da kowace ta fito. Wani mutum na biyu ya sake duba kashi ɗaya cikin biyar, a ga ko suna dacewa. Wajen nazari, a kwatanta makin ƙarshe bayan an daidaita da makin farko, abin da ANCOVA ke yi, ana samunsa a manhajojin SPSS da R da jamovi, in kuma azuzuwa ne aka raba a yi amfani da tsarin da ke lissafa aji a matsayin mataki na daban. A kawo d da iyakokinta na sama da ƙasa, kada a tsaya ga cewa p, wato yiwuwar ganin irin wannan bambanci da a ce dace ne kawai, ta gaza 0.05. Sannan a koma bayan mako huɗu zuwa shida a sake ba da jarrabawar ba tare da sanarwa ba, domin bambancin da ake gani washegarin darasi na ƙarshe sau da yawa yakan ragu, wani lokaci ma ya ɓace.