Yadda gundumomin Kumasi za su haɗa hannu wajen koya wa matasan Zango sana'a

Yaron da ke kwana a Aboabo, yana koyon gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, maigidansa ya aike shi kasuwar Kejetiya, ya taka ƙasar hukumomi uku ke nan kafin azahar: Asokore Mampong, Suame da KMA, wato hukumar birnin Kumasi a Ghana. Tun da aka cire Asokore Mampong daga Kumasi a 2012, aka sake cire Suame, Tafo, Oforikrom, Asokwa da Kwadaso a 2018, kowace asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, mutanen cikin iyakarta take yi wa lissafi. Inda yaron yake zaune babu garejin, inda garejin yake kuma ba a ƙirga shi cikin 'yan unguwa. Shirin da zai amfane shi sai ya bi sana'ar duk inda ta je.

A fara da masu ba da aiki. Ku zaɓi sana'a ɗaya ko biyu kawai, ku zaga wajen masu gareji ko shago arba'in zuwa hamsin: makanikai a Magazin, kafintoci a Sokoban, teloli a cikin unguwanni. Ku bi ta hannun ƙungiyoyinsu, kamar GNAG ta masu gareji da GNTDA ta maɗinka, domin maigida ba ya buɗe wa baƙo cikinsa. Tambaya uku ta isa. Wane aiki ake kawo maka kana mayarwa don ba mai yi? Yara nawa za ka iya riƙewa da albashi in sun gama? Wane kayan aiki ka rasa? A gareji, amsar takan koma kan wayarin da na'urar gano cutar motocin zamani masu kwamfuta. In aka tsallake wannan zagaye, sai a yaye mata ɗari a haɗa sabulu, kasuwar kuwa ba ta ɗauki goma ba.

Sai zama. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta yarda asambuli biyu ko fiye su kafa kwamitin haɗin gwiwa, kuma majalisar daidaita ayyuka ta Jihar Ashanti ce ke lura da gundumomi 43 na jihar. Ku rubuta wa kowane shugaban asambuli takarda, ku aika wa ofishin jiha kwafi. A teburin a samu jami'in tsare-tsare da na kasafi daga kowace asambuli, jami'in GEA, hukumar gwamnati mai ba ƙananan 'yan kasuwa shawara, malami daga makarantar fasaha irin KTI, masu gareji biyu, wakiliyar mata, da wakilin Sarkin Zango. Kada a wuce mutum goma sha uku. Wanda ba zai iya cewa "na ɗauka" a madadin ofishinsa ba, gara ya zauna gida.

Maganar kuɗi ce ke kashe yawancin irin wannan shiri, kuma yawanci rashin sanin lokaci ne. Asambuli ba ta kashe sisi a kan abin da ba ya cikin tsarinta na shekara huɗu da jadawalin ayyukan shekara. Ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne a rabin ƙarshen shekara, saboda haka wanda ya zo da buƙata a Janairu ya makara. Ku kai taku tun watan Yuni ko Yuli, ku sa ɗan asambulin unguwarku ya tsaya a kanta har ta shiga takarda. Asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda tsarin mulkin 1992 ya ware masa aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, yakan zo a makare. Don haka abin da ba ya jira, wato kuɗin mota da na abincin yara, a ɗora shi kan abin da asambuli ke tarawa da kanta daga tikitin kasuwa da lasisi. Kayan aiki masu tsada su ne za a jingina da asusun bai-ɗaya, ko a nemi Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017.

Rabo mafi sauƙi shi ne kowace asambuli ta biya wa yaran da ke zaune a cikinta, ko a ina suke koyo. A rubuta wannan, kowa ya sa hannu.

Rukunin farko kada ya wuce yara talatin. A biya maigida kashi uku: farko, tsakiya, da bayan yaro ya ci jarrabawa. In aka ba shi duka tun farko, yaron yakan ƙare a wankin ƙarfe da aike. Akwatin kayan aiki kuma sai ranar yaye, don wanda aka raba a makon farko yakan koma kasuwa. Sunaye a karɓe su a fili, a sanar a masallatai ranar Juma'a da wuraren taron mata. Jerin da ya fito daga ofishin jam'iyya, da an sauya gwamnati ya mutu, kuma 'ya'yan talakawa ne ke kwana ciki.

Kada a yi gaggawar gini. Garejin da ajin makaranta suna nan. In ta kama dole sai fili, a tuna ƙasar Kumasi ta sarauta ce: takardar sarkin wurin, amincewar ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Ashanti, sannan rajista a Hukumar Filaye.

Takardar shaida kuwa a nemo ta CTVET, hukumar kula da ilimin fasaha da koyon sana'a da dokar 2020 ta kafa. Tana da tsarin gwada wanda ya koyi aiki a hannun maigida, ta ba shi shaidar ƙwarewa mataki na ɗaya ko na biyu ko da bai yi boko mai zurfi ba. Ku sa iyayen gidan ma su zauna gwajin, don takardar na taimakawa wajen neman kwangilar gwamnati da aikin kamfani.

Wata shida bayan yaye, a kira kowane yaro a ji yana aiki ko a'a, a ina, nawa yake samu. Ku karɓi lambar waya biyu tun ranar rajista, tasa da ta mahaifi ko mariƙi, domin matasa na yawan sauya layi. Wannan lissafin za ku ajiye gaban kwamitin kuɗi na kowace asambuli lokacin neman kasafin rukuni na biyu.