Yadda Ake Musun Hasashen Ƙwallon Kwando na Jami'o'in Amurka Kafin a Fara Kaka

A kowace shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, rukunonin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka (wato gungun jami'o'in da suke karawa da juna a tebur ɗaya) sukan fitar da abubuwa biyu: jerin matsayin da ake hasashen kowace ƙungiya za ta ƙare a kai, da kuma sunayen 'yan wasan da ake ganin su ne za su yi zarra a rukunin. A majalisarmu ta bayan sallar isha'i a unguwar Karantina, nan Jidda, yawancin hirar wasanni ba ta wuce ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ittihad da Ahli, amma akwai mu 'yan tsiraru da muke bin wannan gasa ta waya, kuma idan waɗannan jerin sunaye suka fito, shayi yakan huce a kofi kafin a tuna da shi. Na lura cewa musun yakan yi zafi ba tare da ya kai ko'ina ba, saboda kowa yana kare ƙungiyar da yake so ne da sunanta. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da mutum zai bi ya shiga wannan musu da hujja a hannu.

Da farko, kafin ka yarda da jerin ko ka yi watsi da shi, ka binciki waɗanda suka kaɗa ƙuri'a. A rukunin Big East da na Big 12, masu horar da ƙungiyoyin ne suke zaɓe, kuma ba a yarda mai horarwa ya zaɓi tasa ƙungiyar ba. A rukunin ACC kuwa 'yan jarida ne. Wannan bambanci yana da tasiri, domin mai horarwa yana tuna wanda ya ba shi wahala a fili bara, yana kuma da dalilin ɗora nauyin fata a wuyan abokin hamayyarsa, shi kuwa ɗan jarida ya fi sanin ƙungiyar garinsu da manyan sunayen da ake nunawa a talabijin. Dukansu suna zaɓe ne kafin a buga ko wasa ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu ba su taɓa ganin sababbin 'yan wasan suna wasa tare ba.

Bayan haka, sai ku daidaita a kan abin da kuke musu a kai, domin a nan ne aka fi yin ɓatan kai. Jerin rukuni yana hasashen sakamakon wasannin cikin rukuni ne, waɗanda akasarinsu ake bugawa daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Maris. Ba ya magana a kan babbar gasar ƙasa ta watan Maris, inda duk wanda aka doke sau ɗaya ya koma gida. A kakar 2022 zuwa 2023 masu horarwa na Big East sun sa Jami'ar Connecticut a matsayi na huɗu, kuma da aka gama wasannin rukuni ta yi nasara 13 aka doke ta 7, wato daidai inda aka ajiye ta. Amma ita ce ta ɗauki kofin ƙasa a waccan shekarar, bayan ta doke San Diego State da maki 76 da 59 a wasan ƙarshe. Saboda haka wanda ya ce masu horarwa sun yi kuskure a kan Connecticut, da wanda ya ce sun yi daidai, kowannensu yana amsa wata tambaya ce daban. Idan aka fara zama, ka nemi a fayyace: shin ana maganar wanda zai zama na ɗaya a teburin rukuni ne, ko wanda zai ci gasar rukuni ta sili ɗaya ƙwale da ake yi bayan an rufe teburin, ko wanda zai yi nisa a watan Maris?

Aikin da ya fi muhimmanci, wanda kuma nake so mai karatu ya daɗe a kansa, shi ne lissafin mintuna. Wasan jami'a zango biyu ne na minti 20, kuma mutum biyar ne a fili, ke nan kowace ƙungiya tana da minti 200 da za ta raba wa 'yan wasanta a kowane wasa. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda suka cinye waɗannan mintuna bara, ka soke waɗanda suka kammala karatu, da waɗanda suka tafi gasar ƙwararru ta NBA, da waɗanda suka sauya makaranta, sannan ka duba ragowar. Daga nan ka tambayi kanka wane ne zai cike gurbin, kuma shin aikin da wanda ya tafi yake yi, akwai mai iya yinsa a cikin waɗanda suka rage? Adadin waɗanda suka dawo kaɗai ba ya wadatarwa. Jami'ar North Carolina ta dawo da huɗu daga cikin 'yan wasanta biyar na farko bayan ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 2022, inda Kansas ta doke ta da maki 72 da 69, aka sa ta ta ɗaya a ƙuri'ar kamfanin dillancin labarai na AP kafin kaka. Mutum ɗayan da ya tafi, Brady Manek, dogo ne mai jefa ƙwallo daga nesa, wanda yake janye masu tsaro daga gindin kwando ya buɗe wa sauran hanya. Ƙungiyar ta ƙare da nasara 20 da faɗuwa 13, ba a ma gayyace ta gasar Maris ba, abin da bai taɓa faruwa da wadda aka sa ta ɗaya kafin kaka ba tun da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 64 a 1985. Masu zaɓe sun auna ta ne da wasanni shida na makonni uku da ta buga a gasar ƙasa ta 2022, suka manta da watanni huɗun da suka gabata, lokacin da ba ta yi wani abin a zo a gani ba.

A waccan kakar dai, Marquette ta rasa mutum biyun da suka fi ci mata maki, sai masu horarwa na Big East suka jefa ta matsayi na tara cikin ƙungiyoyi 11. Abin da ya rage mata shi ne matasan da suka riga suka yi shekara tare a hannun mai horarwa Shaka Smart, cikinsu har da mai rarraba ƙwallo Tyler Kolek. Ta ci wasa 17 cikin 20 na rukuni, ta haɗa da kofin gasar Big East, Kolek kuma ya zama gwarzon ɗan wasan rukunin. A ganina, ƙungiyar da mai rarraba ƙwallonta ya dawo tare da mai horarwarsa ta cancanci a ɗaga ta sama da inda suna kaɗai zai ajiye ta, ko da an rasa masu maki, domin maki wani yakan gaje su, amma sanin inda kowa zai tsaya a fili sai an daɗe tare.

Sauyin makaranta ya ƙara wa wannan lissafi wuya. Tun daga 2021 aka ba ɗan wasa damar komawa wata jami'a ya fara wasa nan take ba tare da zaman jiran shekara ba, kuma a cikin watan Yulin shekarar aka halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Yanzu akan ga ƙungiyar da kusan duka 'yan wasanta baƙi ne. Kansas State ta shiga kakar 2022 da sabon mai horarwa, Jerome Tang, da tarin sababbin fuskoki, aka sa ta ta ƙarshe a Big 12, amma ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a ƙasa. Idan za ka auna wanda ya taso daga ƙaramin rukuni, kada ka kwaso makinsa yadda yake ka sauke a babban rukuni. Ka nemi yadda ya yi a 'yan wasannin da tsohuwar ƙungiyarsa ta buga da manya, ka kuma duba ko zai iya amfani idan ba shi ne ke riƙe da ƙwallo ba. Wasu sukan haye, kamar Dalton Knecht da ya baro Northern Colorado ya zama gwarzon rukunin SEC a Tennessee a 2024, wasu kuma sukan ɓace a benci.

Game da alƙaluma, abu ɗaya ya isa a riƙe. Yawan makin da ƙungiya take ci a wasa yana iya yaudara, domin mai gudu tana samun damar kai hari fiye da mai tafiya a hankali. Masu nazari irin su Ken Pomeroy suna ƙirga makin da ake ci, da wanda ake bari a ci, a kowane hari 100, tare da la'akari da ƙarfin abokan karawa. Wannan ma'auni shi ne ya dace ka kawo majalisa.

Kada a manta da jadawali. Mu da muka saba da gasar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya, inda ƙungiyoyi 18 suke haɗuwa gida da waje, mukan ɗauka haka abin yake ko'ina. A Big East haka ne, kowa yana karawa da kowa sau biyu. Amma Big Ten, tun da ta karɓi UCLA da USC da Oregon da Washington a 2024, ta zama ƙungiyoyi 18 masu buga wasa 20, kowace tana haɗuwa da uku sau biyu, sauran 14 kuma sau ɗaya tak. Wadda rabonta ya faɗa a kan masu rauni, ko wadda manyan abokan hamayyarta za su zo gidanta, tana iya wuce wadda ta fi ta ƙarfi a tebur. Ga kuma tafiyar da ƙungiyoyin gaɓar yamma suke yi zuwa gabas, da bambancin agogo na awa uku.

Zaɓen fitattun 'yan wasa shi ne ya fi jawo ɗaga murya, kuma dokar da muka kafa a zamanmu ita ce: duk wanda ya ce an zalunci wani, to ya faɗi wanda za a cire a sa shi. Wannan doka kaɗai takan rage rabin surutu, domin kujeru biyar ba sa ɗaukar mutum takwas. Sannan a tuna cewa zaɓen kafin kaka yakan zama lada ne ga aikin bara. RJ Davis na North Carolina shi ne gwarzon ACC a 2024, aka sake ba shi sarautar kafin kaka ta gaba, amma da aka gama Cooper Flagg na Duke ne ya karɓa, yaron da bai taɓa buga wasan jami'a ba lokacin da aka yi zaɓen. Hanyar da za ka hango wanda zai taso ita ce ka raba makinsa da mintunansa. Zach Edey na Purdue ya ci maki 14.4 a wasa a shekararsa ta biyu, cikin minti 19 kacal, saboda yana raba gurbi da Trevion Williams. Da Williams ya tafi, mintunan suka dawo hannunsa, ya ci 22.3, ya zama gwarzon ƙasa a 2023, ya maimaita a 2024. Kafin kakar 2022 zuwa 2023 Trayce Jackson-Davis na Indiana aka zaɓa gwarzon Big Ten, rukunin da Purdue take ciki, alhali alamar Edey tana nan a rubuce ga mai lissafi. Haka kuma a ba mai tsaro haƙƙinsa, domin wanda yake hana maki goma ba ya fitowa a kanun labarai kamar wanda ya ci goma.

Akwai ladabin da ya kamata a kiyaye, musamman da yake a zamanmu akwai manya da ƙanana. Na tuna daren da ake maganar Adama Sanogo na Connecticut, ɗan ƙasar Mali da aka zaɓa gwarzon Big East kafin kakar 2022, wanda ya buga gasar Maris yana azumin Ramadan, aka kuma ba shi kyautar fitaccen ɗan wasan zagayen ƙarshe. Wani yayanmu ya dage cewa an danne shi da aka ba Kolek sarautar rukuni. Wani ƙaninmu ya ajiye kofinsa, ya bari har ya kai aya, sannan ya ce, “Yaya, Allah ya ƙara maka girma, ba na ja da kai a kan Maris, amma an rufe zaɓen rukuni kafin a fara gasar ƙasa, kuma a lokacin Marquette ce a sama.” Yayan ya yi shiru, ya karɓi wayar ya duba teburin, ya ce a zuba masa wani shayin. Ƙaunar da muke yi wa 'yan Afirka da Musulmin da suke wannan gasa abu ne mai kyau, ni ma ina da ita, sai dai a faɗe ta a matsayin ƙauna, a ware ta daga hujja.

Kafin wasan farko na watan Nuwamba, kowa ya rubuta nasa jerin da sunayen mutum biyar ɗinsa, da dalili ɗaya a gaban kowane suna, a tura cikin zauren WhatsApp na majalisa inda kwanan wata zai tsaya shaida. Ya fi kyau ka rubuta naka kafin ka karanta na masu horarwa ko na 'yan jarida, domin idan ka riga ka gani, hannunka zai bi nasu ba tare da ka sani ba. A lokacin sanyi agogon Saudiyya yana gaban na gabashin Amurka da awa takwas, don haka wasan ƙarfe bakwai na yamma a can ƙarfe uku na dare ne a Jidda, yakan kuma ƙare dab da asuba. Ba kowa ne zai iya wannan ba ga aiki da safe, sai a raba rukunoni, kowa ya ɗauki ɗaya ya bi shi sosai, ya riƙa kawo wa sauran rahoto. A tsakiyar Janairu a yi zama ɗaya a ba kowa damar gyara matsayi biyu kawai, tare da bayyana abin da ya gani a fili da ya sa ya sauya. Idan aka rufe teburin rukuni a farkon Maris, a ɗauko jerin kowa, a ƙirga tazarar da ke tsakanin inda ya ajiye kowace ƙungiya da inda ta ƙare, a haɗa jimla, a kuma yi wa jerin masu horarwa da na 'yan jarida irin wannan lissafin. Wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zai fara magana a zaman Oktoba mai zuwa.