Yadda za ka gane igwar Skoda mai 37mm a tsohon hoton yaƙi

In kana yawan kallon hotunan yaƙin duniya na biyu za ka ga mutane na rubuta "tankar Jamus" a ƙarƙashin duk motar da suka ga tambarin gicciye a jikinta, alhali da yawa ƙirar Chekoslobakiya ce, Jamusawa kwashewa suka yi bayan sun mamaye ƙasar a Maris 1939. To ka manta da fenti tukuna, bindigar za ka duba.

Fara da saman bututun. Igwar da kamfanin Skoda na garin Plzeň ya ƙera, wadda suke kira A3, sojoji kuma suka sa mata vz. 34 (vz. gajarta vzor ce, wato samfuri, lambar kuma shekara, 34 na nufin 1934), tana da wata silinda mai kauri kwance a SAMAN bututun, ita ce ke shanye turin da bindiga ke yi baya in an harba. A tankar LT vz. 35 silindar nan har sulke aka yi mata, ta fito waje sosai, in ka kalle ta daga gefe sai ka rantse bindiga biyu aka ɗora, doguwa a ƙasa gajeriya a sama. Ni dai da wannan nake farawa kullum don ko hoton ya dusashe ba ta ɓuya.

Sai ka gangaro bakin. Akwai wani murfi mai huji-huji kamar rariya, aikinsa ya watsar da iskar harbi gefe. In ka ga silinda a sama ga kuma murfin nan, to ka kama hanya.

Yanzu ƙirga tayoyin da ke cikin kaca. Ƙanana-ƙanana da yawa a jere, LT vz. 35 kenan, wadda Jamusawa suka mayar Panzer 35(t), bindigar kuma KwK 34(t). Wannan t ɗin ba wani sirri ba ne, harafin farko ne na kalmar Jamusanci mai nufin "na Chek". In kuwa manyan tayoyi huɗu ka gani a kowane gefe to wannan LT vz. 38 ce ta kamfanin ČKD, bindigarta A7 ce, faɗin baki ɗaya amma ta fi tsawo kuma bakinta sumul ba rariya. Anan ne ake faɗawa rami, don akwai tankoki guda 10 da Bulgeriya ta samu masu jikin LT vz. 35 amma A7 ce a kansu, ana ce musu T-11, saboda haka kar tayoyi kaɗai su yanke maka hukunci.

Igwar ƙasa wadda ake ja ma haka abin yake. KPÚV vz. 34 da ƙanwarta vz. 37 duk silindarsu a sama take, wasu ma tayar katako ce da su mai sanduna. Pak 36 ta Jamus ita ma 37mm ce shi yasa ake haɗa su, amma ita ba komai a saman bututunta kuma ba murfi a baki. Wadda za ta ruɗe ka da gaske ita ce 47mm ta Skoda ɗin dai, kamanninsu ɗaya, sai ka auna da tsayin sojan da ke tsaye kusa, ta fi girma da tsawon bututu.



Wurin da aka ɗauki hoton ma yana taimakawa. A Folan 1939 da Faransa 1940 bindigar ta yi aiki, harsashinta bai kai kilo ɗaya ba amma yana huda sulken ƙananan tankoki na lokacin. Da aka shiga Rasha a 1941 ta haɗu da tankokin Rasha T-34 da KV sai abin ya fi ƙarfinta, ga sanyi ya daskarar da na'urar iskar da ke sarrafa giya da birki a 35(t). Don haka in an ce maka hoton 1943 ne a gabas kuma ga A3 a kan tanka, duba tambarin da kyau, mai yiwuwa ta Romaniya ce, su R-2 suke kiranta, guda 126 suka saya.