Yadda Nake Ɗaukar Hoton Doki a Guje Ranar Hawan Daushe

Shekarar da na fara zuwa Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano da kyamara, hotunan jahi duk sun fito dishi-dishi, kamar an shafa musu mai. Laifina ne: na bar kyamarar ta zaɓa wa kanta komai.

Yanzu da na isa sai in juya maɓalli zuwa S, a Canon kuma Tv ake kiransa. Nan kai ne ke yanke saurin ƙiftawar idon kyamara. Doki a sukuwa yana son 1/1000 na daƙiƙa. Ƙasa da 1/500, ƙafafunsa za su narke. Matsalar ita ce hawan yamma ne, rana tana yin sanyi, ga ƙura. Don haka nake ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800, wani lokaci 1600. Gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki da wanda ba a gane mahayi.

Saita kyamara ta riƙa bin abin da ke motsi, wato AF-C, ko AI Servo a Canon, sannan ka danne maɓalli ta yi ta harbawa a jere.

Wanda na fi so kuwa shi ne bin doki da kyamara. Sauko zuwa 1/60, manne gwiwar hannu a haƙarƙari, juya daga ƙugu daidai da gudunsa, kada ka tsaya bayan ka danna. Mahayi da rawaninsa su fito tas, taron jama'a ya zama zane-zane a baya. Mafi yawansu lalacewa suke, sai ka yi ta goge su da dare.

Kada ka canza gilashin kyamara a filin. Ƙurar nan ba ta da kunya.