Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta a Accra

Duk wanda ke da tsohuwar kwamfutar tebur ta zamanin Pentium 4 a ajiye a Nima ko Mamobi, kuma yana marmarin sake jin sautin tashin Windows XP, kada ya yi gaggawar jona ta da wuta. Ya fara duba bayan akwatin, domin da yawa daga cikin waɗanda aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai zaɓin ƙarfin wuta na volt 115 ko 230. Wutar Ghana 230 ce, kuma idan aka bar shi a 115, na'urar rarraba wutar tana iya ƙonewa nan take.

Daga nan a buɗe akwatin, a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi, a duba ƙananan kafasito (masu kama da 'yan gwangwanaye) da ke kan babban allon da aka jera sassan kwamfutar a kai. Wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa a kai wa mai gyara ya canza shi, domin danshin iskar teku ba ya raga wa ƙarfe. A sauya batirin CR2032 mai riƙe agogo, a goge busasshen man rage zafi da ke kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) a shafa sabo.

Kafin a tafi Circle, wato yankin shataletalen Kwame Nkrumah, neman ƙarin RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi), a cire ta ciki a tafi da ita, saboda nau'o'inta na DDR da DDR2 ba sa shiga gurbi ɗaya. A ganina, babu gyaran da ya kai sanya SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri da ke maye gurbin tsohon faifan ajiya) amfani, muddin allon yana da mashigar SATA da ake jona ta.

Microsoft ta daina tallafa wa XP tun Afrilun 2014, saboda haka kada a haɗa kwamfutar da intanet.